Sarƙar agogona ta yi mini yawa

Tambaya: Malam, na sayi agogo mai sarƙar ƙarfe a babbar kasuwar Sakkwato, amma yana yawo a hannuna. Zan iya rage shi da kaina? Daga wani mai karatu, Mabera.

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. Fara duba maɗaurin. Yawanci akwai ƙananan ramuka a gefensa, matsar da 'yar sandar da ke riƙe da sarƙar zuwa ramin ciki kan wadatar.

In bai isa ba, juya sarƙar. Gaɓoɓin da aka zana wa kibiya su kaɗai ake cirewa. Sa siririyar ƙusa a bakin fil ɗin da ya haɗa gaɓoɓin, ka buga a hankali ta inda kibiyar ta nuna, ka zare da filaya. Wurin mayarwa sai ka saɓa wa kibiyar, tsagaggen bakin fil ɗin ya shiga daga ƙarshe. In ka tilasta shi a juye zai lanƙwashe, don ƙarfen agogon araha ba ya jure duka.

Cire daidai wa daida daga ɓangarorin biyu, in ba haka ba maɗaurin zai karkace. Kuma kar ka matse, hannu na kumbura da zafin bazarar Sakkwato. Bar wurin shigar ƙaramin yatsa, ka adana gaɓoɓin da ka cire.