Amsa: mayar da ƙaramar motar haɗi ta zama motar ɗaukar gawa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai ka samu ƙaramar Cadillac ta roba, samfurin motar ɗaukar gawa ta 1966, ta kamfanin Jo-Han, mai ma'aunin 1:25 (wato motar ainihi ta ninka ta tsawo sau 25), kafin ka haɗa motar ɗaukar gawa irin ta hot rod, wato motar da aka sauya wa fasali aka sa mata babban inji. A'a. An daɗe da daina ƙera ta, kuɗinta ya yi tsada yanzu, kuma ni dai ba zan sa mata zarto ba. Nemi motar haɗi ta kamfanin AMT ko Revell mai dogon baya, ka toshe tagoginta na baya da fallen roba na kamfanin Evergreen.

Wurin toshewar nan ne aikin yake. Manna robar daga ciki, ka cike gaɓar da foti (abin cike rami) na kamfanin Tamiya kaɗan-kaɗan, domin yana ƙanƙancewa in ya bushe. Wanda ya lafta shi lokaci guda zai ga layin gaɓar ya fito bayan fenti. Goge da sanfefa mai lamba 400, sannan 1000, ka fesa fenti mai ruwan toka ka duba da kyau, don baƙin fenti ba ya rufa asirin kowane tabo.

Injin V8 (mai silinda takwas) kuwa, gwada zamansa tukuna kafin ka yanke bonet.