Rinin shibori na Japan: daga ina mai koyo zai fara?

Tambaya: Ni tela ce a Kano. Na ga yadin Japan mai shuɗi da zanen fari da ake kira shibori, ina so in koya. Da me zan fara? Baban da ake rini da shi a Ƙofar Mata zai yi, ko sai na Japan?

Amsa: Malama, babanmu zai yi. Japanawa wata shuka daban suke nomawa, sunanta tade-ai, amma sinadarin shuɗin da ke cikin ganyenta shi ne ke cikin baba. A Tokushima, a tsibirin Shikoku, ake shanya ganyen, a tara shi a ɗaki, ana yayyafa masa ruwa ana juyawa kusan kwana 100, har ya ruɓe ya koma kamar taki. Wannan shi ne sukumo. Sai a jiƙa shi da ruwan tokar itace, a zuba dusar alkama. Duk marinin da ya ji wannan zai ce ai aikin gidansu ne.

Ga inda yawancin masu koyo suke tuntuɓe: hankalinsu yana kan ƙulli, wato ɗaure yadi yadda rini ba zai shiga wasu wurare ba, alhali wahalar tana cikin tukunyar rini. Shuni ba ya narkewa a ruwa da kansa. Ƙwayoyin halittar da ke cin dusar nan su ne suke narkar da shi har ya shiga zare. Shi ya sa yadi yake fitowa kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gabanki. Ƙwayoyin suna son ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30. A Japan har binne tukwanen suke yi a ƙasa, su hura ƙaramar wuta a tsakaninsu lokacin sanyi. Ke kam sai da hunturu za ki damu da wannan. Kumfa mai ƙyalli da ke taruwa a sama, wadda suke kira furen shuni, ita ce alamar ruwan yana da rai. Kada ki yi ta fantsama shi, iska tana kashe masa ƙarfi.

Ƙulli kuwa, fara da itajime: ki ninke yadin auduga, ki matse shi tsakanin katako biyu, ki ɗaure tam. Inda katakon ya danne, nan zai tsaya fari. Daga nan sai nui, wato ki yi ɗinki da allura ki ja zaren ya tattare. Tunda ke tela ce, nan hannunki zai fi faɗawa. Arashi, wanda ake naɗe yadi a jikin bututu a tura shi ya takure, ya jira tukuna. A Arimatsu, tsohon garin da yanzu yake cikin birnin Nagoya, wanda aka kafa a 1608 kuma ya shahara da shibori, a da kowane gida salo ɗaya yake riƙewa ya gadar wa 'ya'yansa.

Ki wanke sitacin yadin, ki jiƙa shi da ruwa kafin tsomawa. Tsomawa ta minti biyu ko uku, a sha iska, a sake, sau takwas ko goma, ta fi jiƙo ɗaya mai tsawo kama jiki. Katazome, wanda ake shafa kunun garin shinkafa ta cikin takardar da aka huda wa zane, ki bar shi sai tukunyarki ta yi wata uku ba ta mutu ba, domin kunun yana narkewa idan yadin ya daɗe a ruwa.