Amsa ga ƙanena mai son tahowa Amurka karatun fiyano

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka saurari faifan wani makaɗin fiyano da ya tattaro tsofaffin kaɗe-kaɗen Amurka, ragtime da jaz na farko, abin ya shiga ranka, har kana so ka taho nan karatu ka naɗi naka. Kana tambaya ko shekarun da ka yi kana kiɗa a situdiyo a Kano sun isa.

Ba su isa ba, kuma gizo a hannun hagu yake saƙa. Kibod ɗin situdiyo yawanci maɓalli 61 ne, shi ke ba ka ganga da bes, naka dannawa kawai. Fiyano na gaske 88 gare shi, masu nauyi, babu mai taya ka. A ragtime hannun hagu ne gangar: ya daki ƙasa, ya yi tsalle ya kama tsakiya, ya koma, ba ya saɓa lokaci, na dama kuwa da gangan yake faɗowa tsakanin bugu da bugu. A bikin tunawa da Scott Joplin, shahararren mai tsara kiɗan ragtime, da ake yi duk shekara a Sedalia, jihar Missouri, inda aka wallafa kiɗansa "Maple Leaf Rag" a 1899, na zauna dab da wani dattijo yana kaɗa shi. Ko sau ɗaya bai leƙa hannun hagunsa ba, duga-duginsa na bugun ƙasa, yana ma yi wa jikarsa murmushi. Kuma bai yi sauri ba. Joplin da kansa ya rubuta a kan takardunsa cewa kada a kaɗa ragtime da gudu, amma samari ba sa ji.

Sauran na cikin faifan da ka saurara ka bar su tukuna. "Kitten on the Keys" na Zez Confrey da "Carolina Shout" na James P. Johnson, duka an naɗe su a faifai a 1921, sun fi ƙarfin mai shekara ɗaya da farawa. Na biyun ma da shi makaɗan unguwar Harlem ta New York suke gwada junansu a wancan zamani.

Ragtime rubutaccen kiɗa ne, don haka kunne kaɗai ba zai kai ka ba, sai ka iya karanta nota. Makarantu irin su Juilliard a New York da Berklee a Boston sai sun ji kiɗanka suke ɗauka.

Ga abin da dillalan biza ba sa faɗa. Kafin makaranta ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, sai ka nuna kuɗin shekara guda cif. Bizar ɗalibi ta F-1 ta yarda ka yi aikin awa 20 a mako, a cikin makaranta kawai. Ka je gidan abinci ka yi kiɗa a biya ka ba da izini ba, ka karya sharaɗin zamanka. Kada ka sa kuɗin kiɗa a lissafin haya.

Naɗar faifan naka kuwa ba sai ka tsallaka teku ba. Waɗannan kaɗe-kaɗe sun haura shekara 95, sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, takardun da yawa daga cikinsu na nan kyauta a IMSLP, wani shafin intanet na takardun kiɗa. Nemi fiyano mai maɓalli 88 masu nauyi, ko na haya ne, ka ɗauki wata shida a kan "Maple Leaf Rag". Ka ɗora waya inda za a ga hannayenka biyu, ka turo min bidiyon ba yanke-yanke, sannan mu yi maganar makaranta. A gaida Hajiya.