Kafin Ku Raba Babi, Ku Je Ku Ga Aikin Da Idonku

Ɗana, na karanta tambayarka sau biyu kafin in amsa, domin abin da ka tambaya ya fi yadda ka ɗauke shi nauyi. Ka ce ku biyar malaminku ya haɗa a rukuni ɗaya, ya ba ku mako goma ku shirya kayan horar da sababbin ma'aikatan sito na wani kamfani kan yadda za su karɓi kayan da aka kawo, su ƙirga su, su shigar da su cikin kwamfuta. Ka ce tun zaman farko kuka raba aikin babi-babi, kowa ya tafi da nasa, yanzu mako shida sun wuce, da kuka haɗa rubuce-rubucen sai kuka tarar ba su dace da juna ba: takarda ɗaya ta sami suna uku, babin wani ya kai shafi ashirin, na wani bai wuce uku ba. Kana so ka san ko daidaita kalmomin ya isa ko sai kun rushe kun sake gini, sannan ka ƙara da kuka kan ɗayanku da ya daina zuwa taro.

Saɓanin kalmomin da kuka gani alama ce ta ciwon da ke can ƙasa. Kun raba rubutu kafin ku amince a kan abin da sabon ma'aikacin zai iya yi da hannunsa idan ya gama horon, saboda haka kowannenku ya rubuta wa mutumin da ya zana a ransa, kuma mutum biyar daban kuka zana. Tun ran gini ran zane. Duk da haka ba na ba ku shawarar zubar da abin da kuka rubuta. Ku ajiye shi gefe na mako guda, ku koma ku yi aikin da kuka tsallake.

A cikinku akwai wanda ya taɓa tsayawa a siton, ya ga mota ta sauke kaya, ya bi ma'aikaci da ido tun daga buɗe kwalin farko har zuwa danna maɓallin ƙarshe? Daga yadda ka bayyana lamarin, ina jin littafin dokokin kamfanin kawai aka ba ku, kuka gina komai a kansa. Littafin doka yana faɗin yadda ya kamata a yi aiki, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku nemi izini mutum biyu daga cikinku su wuni a wurin. Su kalli tsohon ma'aikaci, su kuma kalli wanda bai daɗe da farawa ba, su rubuta kowane mataki kamar yadda ya faru a gabansu. Za su lura cewa gwani yana yin abubuwa da yawa waɗanda shi kansa bai san yana yinsu ba. Zai juya kwali ya dubi ƙasansa kafin ya sa hannu a takarda, idan aka ce ya bayyana aikinsa da baki ba zai ambaci wannan ba, domin ya riga ya zame masa jiki. Sai an tsayar da shi an ce, "Me ka duba yanzu?" sannan zai ce yana neman alamar jiƙewa ko ta buɗewa. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne zuciyar horon, kuma ba a samunsu a littafin doka. Ku kuma tambayi shugaban siton inda sababbi suka fi yin kuskure. Ina kyautata zaton zai ce maku ba a ranar da komai ya zo daidai ba ne, sai ranar da adadin da ke takardar rakiyar kaya ya saɓa da abin da ke cikin mota, ko kaya suka zo a lalace. Idan haka ne, a nan rabin ƙarfinku ya kamata ya tafi.

A wannan ziyarar ku riƙe wata tambaya da masana harkar horarwa Robert Mager da Peter Pipe suka shahara da ita tun 1970: idan da ran ma'aikacin ya dogara a kan yin aikin daidai, zai iya yinsa? Idan zai iya, to matsalar ba ta rashin sani ba ce, kuma horo ba zai warkar da ita ba. Na koyi wannan da tsada. A farkon shigata sana'ar shirya kayan horo na shafe makonni ina shirya wa wani kamfani darasi kan cike wata takarda da ma'aikata suke yawan bari babu kome, aka yi horon, aka yaba, bayan wata guda abin ya koma yadda yake. Da na je wurin na tsaya, sai na ga takardun suna cikin wani ofis da ake kullewa da yamma, alhali yawancin kayan da yamma suke isowa. Ma'aikatan sun san aikinsu sarai. Har yau ina jin nauyin lokacin mutanen da na ɓata, shi ya sa nake matsa maka a kan wannan ziyara.

Idan kun dawo, ku zauna ku biyar a ɗaki ɗaya ku rubuta manufofin horon, kada kowa ya tashi sai an amince da su. Mager ɗin nan, tun 1962, ya nuna cewa kyakkyawar manufa tana da sassa uku: aikin da mai koyo zai yi wanda ido zai iya gani, yanayin da zai yi shi a ciki, da ma'aunin da za a ce ya yi daidai. "Ma'aikaci zai fahimci tsarin karɓar kaya" bai cika wannan sharaɗi ba, domin babu wanda zai iya leƙa kansa ya ga fahimta. Ku rubuta irin wannan: "Idan aka ba shi takardar rakiyar kaya da kwali goma waɗanda biyu daga ciki ba su dace da takardar ba, ma'aikaci zai gano biyun, ya rubuta su a takardar ƙorafi, ya shigar da sauran takwas a kwamfuta ba tare da kuskuren lamba ba." Ka ga da wannan jimla ɗaya kun san abin da za ku koyar, kun san kayan da za ku tanada, kun kuma san yadda za ku jarraba. Rabe-raben matakan sani da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956 za su taimake ku ku gane ko tuna abu kawai kuke nema daga mutum ko aiki da shi, sai dai kada ku ɓata kwana kuna gardama kan matakin da wata kalma ta faɗa. Manufa biyar ko shida sun ishi aiki irin naku.

Daga nan ku rubuta jarrabawar aikin kafin ku taɓa darasin. Ɗalibai kan ga wannan kamar juya al'amari ne, amma wanda ya san inda za shi ya fi sanin abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Sai ku ɗauko babobin da kuka ajiye, ku bi su sakin layi bayan sakin layi, duk wanda ba ya taimaka wa ɗaya daga cikin manufofin ku cire shi, ko da shi ne mafi daɗin rubutu. Tarihin kamfanin da wani ya cika shafi huɗu da shi zai fita. Mai shafi ashirin zai ji zafi, ku lallashe shi, ku nuna masa cewa manufar da shi ma ya sa wa hannu ce ta yanke hukuncin. Binciken John Sweller na 1988 da waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa abin da ƙwaƙwalwa take iya juyawa a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai, kuma sabon shiga ya fi amfana da misalin da aka warware masa mataki-mataki fiye da a jefa shi cikin matsala ya nemi hanya. Lambobin kaya da jerin maɓallan da za a danna ba abin haddacewa ba ne. Ku sa su a kati mai shafi ɗaya da za a liƙa kusa da kwamfutar. Idan kun sa hoto, bayaninsa ya zauna a jikinsa, kada ya koma shafi na gaba.

Na san an koya maku tsarin da aka fi sani da ADDIE, wanda asalinsa aka shirya wa sojojin Amurka a Jami'ar Jihar Fulorida a 1975: nazari, tsarawa, shiryawa, aiwatarwa da tantancewa. Kada ku ga matakai biyar ku ga ku biyar ne, ku ce kowa ya ɗauki ɗaya, domin kowane mataki daga na gabansa yake samun abin da zai yi aiki da shi. Nazari da manufa na kowa ne. Bayan su ne ake rabo, kuma rabon ya bi nau'in aiki: mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ke magana da shugaban siton don kada ku dame shi da tambaya ɗaya sau biyar, ɗaya ya riƙe hotuna da fasalin shafi, biyu su rubuta darasi da atisaye, ɗaya ya zama edita mai maganar ƙarshe a kan kalma. Editan ya fara da shafi guda na sunayen abubuwa, kuma sunan da ma'aikatan siton suke faɗa da bakinsu shi za a ɗauka, ko da littafin doka ya zo da wani. Aikin duka ya zauna a fayil ɗaya da kowa ke iya buɗewa, mai ɗauke da kwanan wata.

Robert Gagné, wanda ya yi aikin horar da sojojin saman Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya lissafa matakai tara na gudanar da darasi. A cikinsu biyu ne na ga ɗalibai sun fi tsallakewa: ba mai koyo dama ya gwada da hannunsa, da gaya masa nan take inda ya dace da inda ya kauce. Ku tabbata lokacin gwadawa a darasinku ya fi lokacin sauraro.

A mako na tara ku gwada kayan a kan mutane na gaske. Michael Scriven ne a 1967 ya bambanta tantancewar da ake yi ana cikin aiki don gyara da wadda ake yi a ƙarshe don yanke hukunci, kuma ta farkon ce ta fi amfani a gare ku. A tsarin Walter Dick da Lou Carey na 1978, irin wannan tantancewa tana farawa da zama da mai koyo ɗaya-ɗaya kafin a je ga ƙaramin rukuni. Ku samo mutum uku da ba su san aikin sito ba, ku ba kowa kayan shi kaɗai, ku roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani, ku zauna a gefe ku yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya, domin za ka ga mutum ya maƙale a jimlar da kai ka rubuta, bakinka yana ƙaiƙayi ka yi masa bayani. Ka daure, ka rubuta lambar shafin, domin ranar da za a yi amfani da kayan ba ka wurin. Kada kuma ku tsaya a tambayar ko darasin ya yi musu daɗi, wanda shi ne na farko cikin matakai huɗu da Donald Kirkpatrick ya bayyana a 1959. Ku ba su jarrabawar kwali goman nan, ku ga ko sun iya, wannan shi ne mataki na biyu. Sauran matakan biyu, wato canjin hali a bakin aiki da amfanin da kamfani ya samu, lokacinku ba zai kai su ba, amma ku rubuta wa kamfanin yadda zai auna su.

Game da abokinku da ya janye, kada ku yi saurin kiransa rago. Gwajin da Bibb Latané da abokan aikinsa suka yi a 1979 ya nuna cewa mutane kan rage ƙoƙari a cikin taro idan ba a iya gane rabon kowa, har a abu mai sauƙi kamar tafi da ihu. Kai da kanka ka same shi a keɓe, ka ji ko wani abu ne ya same shi, sannan ka ba shi aiki guda mai suna da ranar kawowa, misali katin nan na kusa da kwamfuta. Idan ranar ta wuce bai kawo ba, ku sanar da malaminku a makon, cikin ladabi, tun gyara tana yiwuwa.

Ku yi ziyarar siton cikin kwana uku masu zuwa. Idan kun rubuta manufofin, ka kawo mini shafin kafin ku koma kan babobin, mu zauna mu karanta su tare.