Dalilin da ya sa saitin rautar Cisco ke ɓacewa bayan an ɗauke wuta

Malam, ka ce duk lokacin da aka ɗauke wuta, rautarka ta Cisco (na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta) takan tashi kamar ba a taɓa saita ta ba.

Na'urar tana da fayil biyu na saiti. Wanda take aiki da shi a halin yanzu, wato running-config, yana zaune ne a RAM, ma'adanar wucin gadi wadda ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Na biyun, startup-config, yana cikin NVRAM, ma'adanar da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta, kuma shi na'urar ke karantawa idan ta tashi. Saboda haka, duk canjin da ka yi, ka rubuta copy running-config startup-config don adana shi kafin ka bar gaban kwamfuta.

Idan kana yin hakan amma matsalar ba ta gushe ba, ka duba layin ƙarshe na abin da umarnin show version ke nunawa, inda za ka ga lambar da ke faɗa wa na'urar yadda za ta tashi. In ka ga 0x2142, to an umarci na'urar ta tsallake startup-config, wanda galibi ke faruwa idan wani ya yi aikin dawo da kalmar sirri ya manta bai mayar da lambar ba. Ka shiga yanayin saiti, ka rubuta config-register 0x2102 don mayar da lambar asali, sannan ka adana.

Ka kuma ajiye kwafin saitin a wata saba daban, wato kwamfutar ajiyar fayiloli, da sunan na'ura da kwanan wata a jikin fayil ɗin. A cikin hanyoyin tura fayil ɗin, TFTP ya fi sauƙi, sai dai yana aika fayil a buɗe, alhali akwai kalmomin sirri a ciki, shi ya sa na fi natsuwa da SCP, wanda ke aika shi a ɓoye.