Tambayoyinku Kan Karkacewar Ƙafar Gaba a Karnuka

Tambaya: Likita, kwikwiyona ɗan wata biyar ya faɗo daga sama. Ɗingishin ya wuce, amma ƙafarsa ta gaba sai lanƙwasa take yi, tafin yana kallon waje. An ce in ɗaura masa itace da tsumma za ta miƙe.

Amsa: Don Allah malam, kada ka ɗaura. Wannan shawara ta nakasa karnuka da yawa, kuma raina yana ɓaci duk sa'ad da na ji ta. Tsakanin gwiwa da wuyan ƙafa akwai ƙasusuwa biyu a jere, radiyos da alna, kuma dole su yi tsawo tare. Kowannensu yana girma ne daga wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshensa. Na ƙasan alna shi ke ba da kusan kashi 85 cikin ɗari na tsawon ƙashin, ga shi da tsini, buguwa kaɗan ke murƙushe shi. Idan ya lalace, alna ya tsaya cak, radiyos kuwa ya ci gaba da girma, sai ya tanƙware kamar bakan da tsirkiya ta ja. To ina itace zai kai ga wannan? Iyakarsa ya hana jini gudu, ya ci fata, ƙafar ta kumbura har ta ruɓe.

Sa'arka ɗaya, yana kan girma. Likitan tiyata zai iya cire guntun alna, ya cusa ɗan kitse a gurbin don kada ya haɗe da wuri, radiyos ya sami sakewa ya miƙe a hankali. Wannan dama tana wucewa da zarar girma ya tsaya, wajen shekara guda. Jinkiri kuma yana sa gwiwa ta goce, amosanin gaɓɓai ya biyo baya. Ka kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan, a ɗauki hoton ƙashin ƙafafun biyu a gwada.

Tambaya: Nawa ya shekara biyu. Lokaci ya ƙure?

Amsa: Bai ƙure ba, sai dai aikin ya fi girma. Ana yanka ƙashin, a daidaita shi, a riƙe da ƙarfe da ƙusoshi. Idan ƙafar ta gajarce, akwai zoben ƙarfe na waje da ke ƙara tsawon kusan milimita 1 a rana. Warkewa kan ɗauki wata biyu zuwa uku, ba gudu ba tsalle. A fara da ganin likita.

Tambaya: In ƙara masa kalsiyam, sinadarin nan na ƙarfin ƙashi?

Amsa: A'a. Yawansa ma yana ɓata girman ƙashi a kwikwiyon manyan karnuka.

Tambaya: Ina ba shi ibuprofen saboda ciwon.

Amsa: Haba baiwar Allah! Maganin nan yana jawo wa kare gyambon ciki, yana lalata masa ƙoda. Ki daina yau. Idan kika ga amai ko baƙin kashi, ki garzaya da shi asibiti, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Karena Dachshund ne, irin nan mai gajerun ƙafafu, ƙafafunsa a lanƙwashe suke tun yana ƙarami.

Amsa: Halittar irinsu ce. Amma in ya soma ɗingishi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya karkacewa, a kai shi a duba.