Tallan Google ya ci N450,000, amma Alhaji bai san wa ya kawo masa ba

Tambaya: Ina da shagon sola, batir da inbata a PZ, Zariya. Wata uku ke nan ɗan yayana da ke karatu a Samaru ya buɗe min talla a Google, irin wanda ake biya duk lokacin da mutum ya danna. Ina kashe kusan N150,000 a wata. Yana nuna min a waya cewa mutum dubu ke dannawa duk wata, amma ciniki yana nan jiya-i-yau. Ya ce kuɗin ne suka yi kaɗan, in ninka su. Akwai kuma wani a Facebook da ya ce zai koya min sirrin ninka ciniki sau goma cikin wata guda. Wanne zan bi?

Amsa: Alhaji, kada ka bi ko ɗaya. Na Facebook ɗin ma ba zan ɓata tawada a kansa ba. Da yana da wannan sirri, da shagon sola ya buɗe kusa da naka.

A cikin wasiƙarka duka ban ga lambar da nake nema ba: mutum nawa ne suka sayi kaya saboda wannan talla? Ba ka faɗa ba domin ba ka sani ba, kuma ba ka sani ba domin ba ka rubutawa. Kai da ba ka yarda batir ɗaya ya fita shago ba a shigar da shi littafi ba, ka bar N450,000 sun fita babu ko layi ɗaya. Nan ne ciwon yake. Ɗan yayanka bai yi maka ƙarya ba, abin da Google ya nuna masa ya nuna maka. Sai dai Google ɗan kamasho ne da ake biya a kan duk wanda ya leƙo ƙofar shago, ya saya ko bai saya ba. In ka tambaye shi yadda aiki ke tafiya, yawan masu leƙowa zai lissafa maka.

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Dannawa dubu a kan N150,000, kowace ta tashi N150. A ce ribarka a kan haɗa sola na gida ɗaya N40,000 ce, kana buƙatar gida huɗu a wata kafin kuɗin talla kawai su dawo. In gida uku ka samu, kowane kwastoma ka saye shi N50,000 ka ci ribar N40,000 a kansa. Ka ninka kuɗin a haka, asarar ka ninka.

Na san wani mai sayar da injin ban ruwa a Sabon Gari da ya daɗe yana biyan irin wannan talla yana kukan babu kira. Da muka zauna muka danna tallan da hannunmu, sai ga lambar wayar da ke shafin ta tsohon yaron shagonsa ce, wanda ya sallama tuni, ya buɗe nasa wurin. Manoma suna ta kira, yaron yana ta ciniki, maigida yana biyan Google. Da yana tambayar masu shigowa inda suka ji labarinsa, da mako biyu sun isa ya gane cewa babu mai ambaton intanet.

Saboda haka gobe ka sayi sabon layi, ka sa shi a tallan kaɗai, kada ya hau allon shago ko katin kasuwanci. Duk kira ko saƙon WhatsApp da ya shigo ta layin, a rubuta rana, unguwa, abin da mutum ya nema, ya saya ko bai saya ba, da nawa. Google Ads yana da nasa tsarin ƙirga kira da saƙo, yaron ya kunna shi, amma ba zai ga kuɗin da aka miƙa maka a kan kanta ba. Littafinka ne zai gani.

Sannan ka zaunar da yaron ya buɗe maka rahoton da ke nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su danna. Ku karanta layi-layi. Garin ɗalibai kake, ga ABU a Samaru da Kongo, ga Nuhu Bamalli, ga sauran makarantu. Ina kyautata zaton za ka tarar da masu neman bayanin yadda sola ke aiki don rubuta firojek, masu neman aiki, masu neman na kyauta, da masu son koyon gyara. Kowannensu ya ci N150 ɗinka. Akwai wurin da ake jera kalmomin da ba a so talla ya fito a kansu, ku zuba su can. Kalmomin da kuka zaɓa tallan ya fito a kansu kuma a takura su zuwa na mai shirin saye, irin wanda ya rubuta farashin inbata ko mai haɗa sola a Zariya, domin in an bar su a sake, Google yana kai tallan ga duk binciken da ya ga ya yi kama.

Ku duba wuri ma. In ba a canza ba, Google yana nuna talla har ga wanda ba ya garin amma ya nuna sha'awar garin. A mayar da shi kan waɗanda ke nan, a iya inda motarka ke kai kaya: Zariya, Giwa, Soba, Makarfi, Kaduna in kana zuwa. A kashe shi da dare in babu mai ɗaukar waya. Kuma wanda ya danna ya sauka kai tsaye a kan kayan da ya nema, da farashi da lambar kira, a shafi mara nauyi. Wannan ba kwalliya ba ce. Gwanjo Google ke yi a kan kowane bincike, yana ba kalmominka maki daga 1 zuwa 10, kuma wanda tallansa da shafinsa suka dace da abin da ake nema yakan biya ƙasa da maƙwabcinsa.

Batun yaron, ban ce ka kore shi ba, zumunci ya fi N150,000. Amma asusun tallan na Google ya koma kan imel ɗinka, shi a ba shi izinin shiga, ka yanka masa ɗan lada a kan kowane ciniki da littafi ya tabbatar. Ka rage kasafin zuwa N2,500 a rana. Kada ka tsorata in wata rana ya ci ninki, Google yakan yi haka, amma a wata ba zai wuce kusan N76,000 ba. Bayan mako huɗu ka turo min adadin kira, adadin ciniki da ribar da suka bari, sai mu ga ko akwai kalmar da ta cancanci ƙari.